Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tsara Manhajar Firamare Da Malaman Harshe: A Bar Yara Su Yi Wa Haruffa Waƙa

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani darasi wanda ba ya buƙatar kayan aikin da suka wuce allo da alli da takarda, amma ba kasafai ake ba shi gurbi a tsarin koyar da yara harshe ba. Darasin shi ne a rubuta harafi guda a gaban yara, a ba su lokaci su ƙare masa kallo, su faɗi abin da siffarsa ta tuna musu, sannan su mayar da abin da suka gani ya zama ɗangon waƙa da kalmominsu. Ina roƙonku ku ba wannan aiki wuri sananne a cikin manhaja tun daga aji ɗaya har zuwa aji huɗu, domin na yi imani cewa yana ƙarfafa karatu, yana kuma buɗe wa yaro ƙofar adabi a lokacin da idonsa ya fi namu kaifi.

Mu manya mun daɗe da daina ganin haruffa. Idan muka dubi shafi, ma'ana ce take zuwa mana kai tsaye, baƙaƙen kuwa sun ɓace mana. Yaro ɗan shekara biyar ko shida bai kai wannan mataki ba tukuna. Shi zane yake gani: wani tsaye, wani a durƙushe, wani da baki a buɗe, wani da ƙafa a ƙasan layi. Yawanci muna ɗaukar wannan kallo a matsayin abin da ya kamata yaro ya wuce da sauri, sai mu ce masa ya maimaita sunan harafin da ƙarfi har ya haddace. A ganina asara muke yi, saboda wannan kallon shi ne abin da yaron ya shigo aji da shi, kuma a kansa ne ya fi dacewa a fara gini.

Yaron da ya ga hoto a cikin harafi bai kauce wa gaskiya ba, domin haruffan da muke amfani da su daga hoto suka samo asali. A shekarar 1905, mai binciken kayan tarihi Flinders Petrie yana aiki a wani wuri da ake kira Serabit el-Khadim a yankin Sina'i, inda aka samu rubuce-rubuce a jikin duwatsu waɗanda suka haura shekaru 3,500. A 1916 Alan Gardiner, masanin rubutun tsohuwar Masar, ya nuna cewa alamomin nan haruffa ne, kowanne hoton wani abu ne, kuma sautinsa shi ne sautin farko na sunan abin. Hoton kan bijimi shi ne kakan harafin A, kuma duk wanda ya kife A zai ga ƙahoni biyu sun fito sarai. Harafin M daga zanen igiyar ruwa ya taso, O kuma daga zanen ido. Daga wannan tushe rubutun Finikiyawa ya fito, Girkawa suka karɓa daga hannunsu, ya bi ta ƙasar Italiya ya zama rubutun Rumawa wanda muke kira boko, haruffan Larabci kuma suka biyo wani reshe na wannan zuriya. A can gabashin duniya ma, lokacin da Sarki Sejong na Koriya ya tsara wa mutanensa rubutu a 1443, aka kuma bayyana shi ga jama'a a 1446, an zana baƙaƙen ne bisa yadda harshe da leɓe da haƙori da maƙogwaro suke kasancewa wajen furta su, wasulan kuma aka gina su a kan alamomi uku na sama da ƙasa da mutum. Haka nan Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940 Miladiyya, ya auna kyawun kowane harafin Larabci da abubuwa uku, wato ɗigon alƙalami da tsayin alif da da'ira. Duk waɗannan mutane sun ɗauki siffar harafi a matsayin abin da ya cancanci a tsaya a yi tunani a kansa.

Harshen Hausa kansa ya ajiye mana shaida mafi kusa, a cikin sunayen da aka raɗa wa baƙaƙen ajami. Akwai ɗa mai hannu, akwai ha ƙarami koma baya, akwai wanda ake ce wa baki wofi saboda bakinsa a wangale yake, akwai kuma waɗanda ake ƙara wa “mai ruwa” domin ɗigon da ke kansu. Duk wanda ya fara kiran harafi “koma baya” ya dubi lanƙwasar jelarsa ne ya ga tafiya a ciki, wanda kuma ya ce “mai hannu” ya ga mutum ya ɗaga hannu sama. Wannan shi ne ainihin aikin mawaƙi, ko da kuwa wanda ya yi shi bai kira kansa da wannan suna ba. Malaman da suka gabace mu sun gane cewa yaro ya fi riƙe abin da aka ba shi da siffa da motsi. Abin da nake nema ƙari ne kaɗan a kan hikimarsu, wato a daina tsayawa ga miƙa wa yaro sunan da wani ya ƙirƙira, a bar shi ya ƙirƙiri nasa.

Na san amsar da za ta fara zuwa, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce yara ba su iya karatu ba ma, ina lokacin waƙa? A rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Wannan adadi ya isa ya hana kowane malami barci. Sai dai darasin da nake magana a kansa yana cikin maganin matsalar. Kafin yaro ya haɗa harafi da sauti, dole ne ya iya bambance harafin da ɗan'uwansa, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba da cewa abu ba ya sauya suna don an juya shi, kujera kujera ce ko ta fuskanci dama ko ta fuskanci hagu. Rubutu ne ya zo da sabuwar doka wadda ta ce idan aka juya b ya zama d, idan aka kife n ya zama u. Masu nazarin ƙwaƙwalwa, irin su Stanislas Dehaene na Faransa, sun bayyana cewa koyon karatu yana buƙatar yaro ya saki wannan tsohuwar ɗabi'a ta gani, shi ya sa juya haruffa ya zama ruwan dare a shekarun farko, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ne. Ɗan Bahaushe ma nasa aikin ya fi yawa, domin bayan b da d yana da ɓ da ɗ, ga kuma k da ƙ, haruffa masu ƙugiya waɗanda aka shigar cikin rubutun boko a shekarun 1930. Wannan 'yar ƙugiya ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Yaron da ya zauna ya dubi d ya ce mai doro ne, ya dubi b ya ce mai babban ciki ne, ya kuma rera hakan da bakinsa, ya samu abin riƙewa wanda maimaici kaɗai ba zai ba shi ba.

Akwai binciken da ya goyi bayan wannan. A 1984 Linnea Ehri da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa yara sun fi saurin riƙe sautin harafi idan an saka siffarsa a cikin hoton wani abu wanda sunansa ya fara da wannan sautin. A 2012 kuma Karin James ta Jami'ar Indiyana ta gano cewa yara 'yan shekara biyar da suka zana haruffa da hannunsu sun fi waɗanda suka danna su a kwamfuta motsa sassan ƙwaƙwalwar da ke aikin karatu idan suka sake ganin haruffan. Darasin waƙar haruffa ya haɗa abubuwan nan biyu, hoto da hannu, ya ƙara na uku, wato muryar yaron.

Amma ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren adabi. Yadda aka saba, ɗalibi yakan haɗu da adon harshe ne bayan ya girma, a matsayin jerin sunaye da zai haddace domin jarrabawa: kamance, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, alamtarwa. Yana iya kawo ma'anar kowanne daidai, amma bai taɓa ƙirƙirar ko ɗaya ba, don haka waƙa ta zama masa kayan wasu mutane na daban waɗanda aka haifa da baiwa. Wannan kuskure ne babba, kuma tun daga firamare ake shuka shi. Yaron da ya ce harafin c ya buɗe baki zai yi cizo ya riga ya yi mutuntarwa ko dabbantarwa shekaru kafin ya ji sunanta, kuma ranar da aka gaya masa sunan zai karɓe shi a matsayin sunan abin da ya sani.

Harafi ya dace da zama jigon farko saboda adalcinsa. Idan aka ce yara su yi waƙa a kan teku ko jirgin sama ko tafiya mai nisa, wanda ya gani ya fi wanda bai gani ba, sauran kuma su koma kwaikwayo. Harafi kuwa yana kan allo a gaban kowa, ɗan mai hali da ɗan marar hali, mai surutu da mai kunya, kuma babu wanda ya riga wani saninsa. Ƙanƙantarsa ma alheri ce, domin ba ya tsorata yaro yadda farar takarda da babban jigo suke tsorata shi.

Ga yadda nake ganin darasin zai gudana. Malami ya rubuta harafi ɗaya babba a tsakiyar allo, ya furta sautinsa, yara su furta, sannan ya nemi kowa ya yi shiru ya duba. Bayan haka su zana shi a iska da yatsa, su zana a takarda, su juya takardar ta kowace fuska. Sai tambayoyi su biyo: da me ya yi kama, ina ya fuskanta, a tsaye yake ko a zaune, me yake jira, me ya ɓace masa, wane harafi ne maƙwabcinsa kuma yaya zamansu yake? Malami ya rubuta duk amsar da aka ba shi a gefen allo ba tare da tacewa ba. A nan ake buƙatar haƙuri, domin amsoshin farko kusan kullum su ne waɗanda kowa zai faɗa, kamar a ce o ƙwai ne ko ƙwallo. Sai an ƙare waɗannan ne yara suke fara nema da gaske, kuma malamin da ya yi gaggawar wucewa a daidai wannan lokaci ya bar darasin tun bai fara ba.

Mataki na gaba shi ne wanda yake mayar da amsa ta zama waƙa. Yaro ya ce o kamar zobe yake. Malami ya ce masa ya cire “kamar” ya ji yadda zancen zai kasance, sai ya zama o zobe ne. Sannan ya tambaye shi, zoben wa, kuma me ya same shi? Idan yaron ya ce zobe ne da ya rasa yatsa, to ɗango ya samu, kuma ya ratsa daga kamance zuwa siffantawa da ƙafarsa. Domin misali, na tsara waɗannan baitoci biyu a irin harshen da yaro zai iya kaiwa gare shi:

C ya buɗe baki zai yi cizo,
Babu haƙori, babu harshe,
O ya dube shi ya ce masa,
Rufe bakinka ka zama irina.

Ya j mai jela, ina za ka?
Ka bar layi ka leƙa ƙasa,
Ɗigon nan yana ta bin ka,
Yana shawagi a sama.

Wanda ya rera baitin farko ya gane dangantakar c da o, wanda ya rera na biyu kuma ba zai sake manta cewa j yana sauka ƙasan layi yana ɗauke da ɗigo ba. Haka za a iya bi da Y mai kama da yatsu biyu a ware, da w mai tafiyar walƙiya, da ƙ wanda ya rataya ƙugiyarsa a ka. Tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da gw suna ba da jigo mai daɗi ga 'yan aji biyu, domin abokai biyu ne da suke magana da murya ɗaya. Daga baya kowane yaro ya ɗauki haruffan sunansa ya ba kowanne ɗango guda, kuma na tabbata ba a rasa wanda zai riƙe wannan takarda ya kai gida.

Yaran da hannunsu bai faɗa ba tukuna ba za a bar su a baya ba, su faɗa da baki malami ya rubuta, ya sa sunan mai ɗangon a gefe. A aji mai cunkoso kuma a yi waƙar taro, kowane layin benci ya kawo ɗango ɗaya. Yaro makaho yana da nasa rabon, domin rubutun da Louis Braille ya ƙirƙira a 1824 an gina shi ne a kan ɗigo shida da ake ji da yatsa, kowane harafi da irin zamansa a ƙarƙashin hannu, kuma wannan ma siffa ce da za a iya yi wa waƙa.

Akwai wuraren da aikin zai iya lalacewa, kuma gara in faɗe su da kaina. Na farko shi ne hoto ya danne sauti. Harafin s ya yi kama da maciji, amma sunan maciji da m ya fara, don haka idan malami ya liƙa wa s hoton maciji a matsayin abin tunawa da sautinsa, ya jefa yaro cikin ruɗani. Wannan yakan faru idan aka ɗauko hotuna daga littattafan da aka tsara domin wani harshe aka ɗora su a kan wani ba tare da dubawa ba. Saboda haka a raba abubuwa biyu: hoton da malami zai kafa a bango domin tuna sauti dole ne sunansa ya fara da harafin, amma a cikin waƙa yaro yana da 'yancin ganin maciji a jikin s, muddin an buɗe darasin da sautin an kuma rufe shi da shi. Wannan darasi abokin tafiyar koyar da sautuka ne, kada a bari ya maye gurbinsa.

Abu na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne a mayar da shi hadda. Da zarar an buga littafi an ce b mai babban ciki ne, aka kuma fara tambayar yara a jarrabawa da me b ya yi kama, to an kashe darasin, an ƙara wa yara wani jerin abin haddacewa a kan wanda suke fama da shi. Ina roƙon masu tsara manhaja kada su rubuta amsoshi a jagoran malami, su rubuta tambayoyi. Haka kuma kada a ba waƙar yaro maki bisa goma. Abin da malami zai duba shi ne ko yaron ya kalli harafin da gaske, ko abin da ya faɗa nasa ne, ko kuma ya iya nuna wa abokansa inda ya ga abin a jikin harafin. Gyaran rubutu yana da lokacinsa, wato sa'ad da za a kwafe waƙar a tsabtace domin liƙawa a bango, kuma a lokacin ne za a tsaya tsayin daka a kan kowace ƙugiya da kowane ɗigo.

Game da kari da amsa-amo, ra'ayina shi ne a jinkirta su. Na san akwai malaman da za su ce abin da ba shi da ma'auni ba waƙa ba ne, kuma ina girmama wannan matsayi, domin rubutacciyar waƙa tana da ƙa'idojinta waɗanda bai kamata a yi wasa da su ba. Amma idan aka tilasta wa ɗan aji ɗaya ya nemo amsa-amo, zai jefar da abin da ya gani ya ɗauko kowace kalma da ta dace da ƙarshen ɗango, sai a samu sauti babu hoto. A bari sai aji uku ko huɗu, a fara da tafa gaɓoɓi da hannu domin kunne ya ji doguwa da gajera, sannan a shiga ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, daga baya ƙwar huɗu. Yaron da ya saba da samun abin faɗa zai karɓi ƙa'ida da murna, saboda yana da abin da zai zuba a cikinta.

Buƙatata gare ku ita ce ku ware wa wannan aiki darasi ɗaya a kowane mako a cikin lokacin da aka riga aka ba harshe, ku kuma rubuta shi a fili a cikin manhaja domin kada mai duba makarantu ya shigo ya ɗauka malami wasa yake yi da yara. A gudanar da shi a harshen da yaro yake magana da shi a gida, domin a cikinsa ne yake da kalmomin da zai siffanta abin da ya gani, a kuma bar ƙofa a buɗe ga kowane irin rubutu da yaran suka sani, boko ne ko ajami. A kwalejojin horar da malamai, a sa kowane ɗalibi ya zauna gaban harafi ya yi masa waƙa da kansa kafin a tura shi aji, domin wanda bai taɓa gwadawa ba zai yi saurin yanke wa yara amsa. Idan kuna son ganin sakamako kafin ku yanke hukunci, ku zaɓi wasu makarantu ku gwada na zango ɗaya, ku tattara waƙoƙin da rubutun hannun masu su, ku kuma duba ko rikita b da d da ɓ da ɗ ya ragu a littattafan yaran. Ranar 21 ga Maris, wadda UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin Ranar Waƙa ta Duniya, ta dace da a gayyaci iyaye su zo su saurari 'ya'yansu suna karanta abin da suka tsara, ku ma ku halarta ku ji da kunnenku.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin harshe